Sahiya, Kafin Ki Sa Rigar Agaji

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Sahiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan horonki a can Maradi. Babanku yana gaishe ki, ƙannenki ma suna gaishe ki. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum, Ya sa yadda kika fita gidan nan da ƙafafunki haka za ki dawo mana.

Ba labarin gari zan ba ki ba, wannan kya ji a salula. Ranar da kika zo sallama na tanadi magana cike da ciki, amma ina ganin jakarki a bakin ƙofa sai duk ta watse, na bi ki da ido kawai har kika sha kwana. Tun daga ranar zuciyata ba ta zauna wuri ɗaya ba. In ina daka sai in tarar na tsaya da taɓarya a hannu ina tunani. Kin ce in kun gama horo za a kai ku can kudu wajen iyaka, inda mutanen da ƴan bindiga suka koro daga garuruwansu suka sauka. Ban hana ki ba, kuma ba ni da bakin hana ki, tunda kin tashi kina ganina cikin irin wannan aikin. Amma abin da na gani a cikinsa, ba zan bari ki tafi ba ki ji shi ba. Shi ya sa na zauna da ɗan rubutun da na koya a yaƙi da jahilci. Ki yi haƙuri da karkacewarsa, ki karanta a hankali.

Ke kin san ƙungiyarmu ta Tukunyar Gayya da biro, wato ofis, a Mayahi, da tebur da kujeru, da mata masu riguna iri ɗaya. Ba haka ta fara ba. Ta fara ne a shekarar da ruwa ya ɗauke tun hatsi bai yi ido ba, fara kuma ta sauka ta lashe abin da ya rage. Lokacin ba ki daɗe da yaye ba. Sanyi bai gama wucewa ba rumbuna suka koma wayam. Maza suka watse ci-rani, babanku ma ya bi su, aka bar mu mata da tsofaffi da yara. Muna shiga daji tsinkar anza, mu jiƙa ta mu yi ta canza mata ruwa har ɗacin ya ragu, sannan mu dafa. Babba yakan daure ya haɗiye. Yaro ƙarami ba ya iyawa.

Wata safiya sai Iya Gambo, ungozomar garinmu, wadda ta yanke miki cibiya, ta fito da babbar tukunyar da ake girkin biki da ita, ta ɗora a ƙofar gidanta. Ta ɗauki ƙwarya ta shiga bin gidaje. Da ta iso wurina ta ce, “Rabi, ba sadaka nake roƙo ba. Kowace mace za ta zuba abin da tafin hannunta ya ɗauka. Wadda ba ta da hatsi ta kawo dusa, wadda ba ta da dusa ta kawo ice, wadda ba ta da ice ta zo ta yi mini daka.”

Na ce, “Iya, mu da muke neman na bakinmu?”

Ta ce, “Ɗan abin da ke hannunki in kin dafa shi ke kaɗai, icenki kawai za ki ƙone. Zuba nan, ki biyo ni da Sahiya.”

Na zuba. Abin da ba ya isa tuwo a gida ɗaya, da aka haɗa sai ya isa kunu ga ƙananan yaran garin. Labari ya kai ƙauyukan da ke kewaye da Kanan Bakashe, mata suka fara zuwa da goyo. Ba mu muka raɗa wa kanmu suna ba. Mutane ne suka riƙa cewa za su wurin tukunyar gayya, sunan ya bi mu har yau.

A cikin kwanakin nan ne wata mata ta iso daga wani ƙauye na arewa, ta sauke ɗanta a gabana. Ƙafafunsa kamar kara, gashin kansa ya yi ja, idanunsa sun faɗa. Kunu ya riga ya ƙare. Na ruga gida na ɗauko ɗan tuwon dawar da na ajiye miki, na zauna na yi ta ɗura masa, ina jin daɗi yana haɗiya. Kafin la’asar cikinsa ya kumbura, ya kama amai, idanunsa suka juye. Malam Lawali mai amalanke, wanda ke ɗebo mana ruwa kyauta, shi ya kwashe mu zuwa gidan likita. Majon da ke wurin, wato malamin jinya, ya duba yaron ya ce, “Wa ya ba shi tuwo?” Na ce ni ce. Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, “Cikin da ya daɗe babu komai ba a cika shi lokaci ɗaya. Kaɗan-kaɗan ake yi, da abu mai ruwa.” Allah Ya yi yaron yana da sauran kwana, ya tashi. Amma zaman da na yi a barandar gidan likitan kusa da uwarsa, na kasa ko kallonta, har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Na san za ki ce, “Inna, ai wannan mun karanta a lakkwal.” Kin karanta, kin fi ni sani nesa ba kusa ba. Ba zancen tuwo nake miki ba, zancen tausayi nake miki. Ranar da za a ajiye irin wannan yaron a gabanki, uwarsa ta zuba wa fuskarki ido, zuciyarki za ta ce ki yi wani abu yanzu-yanzu, ko mene ne. A lokacin ne za ki ja numfashi, ki yi abin da aka koya miki bi da bi, ko da uwar za ta ga kamar ba ki damu ba. In abin ya wuce saninki, ki kira wanda ya fi ki. Kada kunya ta hana ki cewa ban sani ba.

Abu na biyu ya fi wannan yi mini ciwo. Kin san rugar Fulani da ke yamma da gari, bayan rijiya. Shekara da shekaru muna sayen nono wurin matansu. Duk tsawon lokacin da muke rabon kunu ko ɗaya daga cikinsu ba ta zo ba, mu kuma muka ɗauka ai su masu shanu ne, ba abin da ya dame su. Ni da bakina na faɗi haka. Sai wata ranar kasuwa Iya Gambo ta ce mini, “Rabi, yaushe rabonki da ganin Dije da ƙwaryar nono?” Na yi tunani na kasa tunawa.

Muka kama hanya. Tun kafin mu isa warin mushe ya tare mu. Shanu sun yi ta faɗuwa, waɗanda suka rage maza sun kora su kudu neman ciyawa. Dije ta fito ta shimfiɗa mana tabarma, ta gaishe mu kamar ranar salla, tana ba mu haƙuri wai ba ta da abin tarbar baƙi. Na ce, “Dije, lafiya kuke?” Ta ce, “Lafiya lau, sai alheri.” A bayanta kuwa, cikin bukka, ɗiyarta tana kwance, ko kuka ba ta iya yi. Daga baya muka ji ba su daɗe da binne ɗan ƙanwarta ba. Nesa da mu kaɗan, inda in an buga turmi a garinmu suna ji.

Na buɗe baki zan ce ta zo gobe da kwano ta shiga layi, sai Iya Gambo ta taka mini ƙafa. Ta ce, “Dije, taimako muka zo nema. Kununmu yana yin gudaji, yara suna ƙi. Duk yankin nan ba mai hannun damu kamar naki. Ki zo ki kama mana, ki taho da matan gidanku, aikin ya fi ƙarfinmu.”

Dije ta dube ta, ta sunkuyar da kai. Ta gane, mu ma mun san ta gane. Ta ce, “In Allah Ya kai mu.”

Washegari sai ga ta da ludayinta, ɗiyarta a goye, mata na biye da ita da nasu yaran. Mai aiki kuwa dole ta ci, ɗanta ma ya sha, ba wanda zai ce roƙo ta zo. Dijen da kika sani ke nan, wadda yau duk rugagen da ke tsakaninmu da Mayahi suke hannunta. In ta ce wuri kaza akwai tamowa, ba ma tambaya, tashi muke yi.

Don haka, Sahiya, in kin ga layi ya yi tsawo kada ki ɗauka kowa ya zo. Ki tambayi kanki wa bai zo ba, kuma me ya hana shi. Waɗanda suka fi kowa matsuwa sau da yawa suna cikin bukka, kunya ta danne su. Mutanen da za ki wurinsu jiya-jiya suna da gidajensu da rumbunansu, su ke ba baƙo abinci. Yau an raba su da komai, abin da ya rage musu mutuncinsu ne, kada a ce ke kika ƙarasa shi. Ki gaida tsoho kafin ki tambaye shi sunansa. Ki durƙusa in za ki yi magana da wadda ke zaune. Kada ki ɗauki hoton mace da ɗanta a rame sai ta yarda da bakinta, kuma ko ta yarda, ki tambayi kanki in ni ce a zaune a wurin ko za ki so a nuna ni haka.

Da aka yi damina mai kyau, maza suka dawo, mun ɗauka mun gama. Iya Gambo ta ƙi. Ta ce abin da ya zo sau ɗaya zai sake zuwa, ta sa muka gina rumbu na ƙungiya, kowace kaka muna zubawa. Daga baya manyan poroje, ƙungiyoyin agajin nan masu fararen motoci, suka shigo suna neman waɗanda suka san ƙauyuka, aka nuna musu mu. Su suka koya mana auna dantsen yaro da zaren nan mai launi, suka kawo abincin tamowa na cikin leda. Muka sami takarda daga meri, ofishin magajin gari, muka kama biro. Mata suka zo daga wajen Tasawa, har daga Baudeta, suka ga yadda muke yi suka koma suka kafa nasu. Maza ma suka shigo, Malam Lawali ne na farkonsu. Ba mai albashi a cikinmu. Kowa da gonarsa da aikin gidansa, in an kira a ajiye a fito. Da gwiwoyin Iya Gambo suka gaza, mata suka ce ni zan shige gaba. Na ji tsoro, amma na karɓa.

Ban daɗe da karɓa ba na yi abin da ya kusa wargaza mu. Wata bazara ta yi tsanani, an ba mu buhunan hatsi a Tasawa amma ba mu da abin ɗauko su. Sai wani babban mutum mai neman kujera ya aiko cewa zai ba mu kamiyo, babbar motar kaya, da esansi, man da za ta sha, kyauta. Na yi murna har na rasa inda zan sa kaina. Dije ta ja ni gefe ta ce, “Rabi, mutumin nan bai taɓa tambayar lafiyar yaranmu ba. Me ya tuna masa da mu yanzu?” Na ce, “Ko ma mene ne, buhu dai ya iso.”

Buhuna suka iso, amma da shi a gaban mota, da makaɗa, da hotonsa manne a jikin kamiyon. Ya tsaya ya dafa buhu ya yi jawabi kamar shi ya noma abin da ke ciki. Kafin kasuwa ta zagayo magana ta bazu cewa Tukunyar Gayya ta shiga jam’iyya. Garuruwan da ba sa tare da shi suka daina aiko da matansu awon yara. Wani maigari da ya sha tarbarmu da fura ya ce mini a gaban jama’arsa, “Malama Rabi, ku je ku ciyar da naku. Mu Allah Yana nan.” Yaran garinsa kuwa ba su san wata jam’iyya ba, ramewa kawai suke yi. Sai da muka ɗauko Iya Gambo a amalanke, da gwiwoyinta a kumbure, ta je ta zauna a zauren maigarin ta ce ba za ta tashi ba sai an fito mata da yara. Ya bari, don girmanta ba don namu ba. Amma yardar da muka zubar a yini ɗaya, mun daɗe muna tsintar ta.

Inda za ki, na tabbata akwai irin wannan. Akwai ƴan gari da suka ba da filinsu, akwai baƙin da suka sauka, akwai masu faɗa a ji a kowane ɓangare. Kowa zai so a ce ke tasa ce. Kada ki zama ta kowa. Wanda ya yi miki alheri a wurin aiki ki gode masa, amma ki duba abin da ke biye da alherin. Kuma ki tuna ke mace ce a wurin da ba ki da uba ba ki da wa. Duk namijin da ya ce zai rage miki hanya ke kaɗai, ko ya ce ki zo ki karɓi wani abu a ɗakinsa, komai girman kujerarsa, ki ce kin gode, ki tsaya cikin ƴan’uwanki mata.

Yanzu na zo ga abin da ya fi hana ni sukuni, wato hanya.

Wata damina ruwa ya yi yawa, ya rushe gidaje a wani ƙauye da ke ƙetaren gulbi. Aka aiko mana cewa mutane sun tare a lakkwal, makarantar garin, ba abinci ba abin rufa. Da safe muka loda hatsi da tabarmi da gidajen sauro a amalanken Malam Lawali, lokacin ya sami shanun ja. Da muka isa bakin kwarin, ruwa na gudu ja wur. Wasu dattawa masu gona a wurin suka taso suka ce, “Ku dakata ya sauka. Ƙasan ya zaizaye, ba yadda kuka saba bi ba ne.” Malam Lawali ya dube ni ya ce, “Rabi, me kika gani?” Ni kuwa yaran da suka kwana cikin sanyi kawai nake gani a idona. Na ce, “Mutane na jiranmu.” Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Ya yi bisimilla ya kora shanu. Ni ina baki ina jira ya ƙetare ya dawo ya kama hannuna. Yana kai tsakiya ƙafar amalanke ta faɗa rami, ta kife, ta danne masa ƙafa. Ina ihu, dattawan nan da masu noma kusa suka faɗa ruwa suka ciro shi da ƙyar. Hatsi ya bi ruwa. Mutanen da muka fito dominsu ba su sami ko tsaba ba ranar. Maimakon haka, mazan garin ne suka bar gidajensu a rushe suka zo suka ɗauki Malam Lawali zuwa gidan likita. Ni aka bari da tsaron shanu. Ina zaune a wurin, kafin la’asar ruwan ya sauka bai wuce idon sawu ba. Wata mata ta zo da ice a ka, ta ɗan ɗage zaninta, ta ƙetare a gabana.

Kin san tafiyar Malam Lawali, kun sha kwaikwayonsa kuna yara har na kore ku. Daga ranar ya samo ta. Bai taɓa ce mini ke kika ja ba, kullum cewa yake ƙaddara ce. Ƙaddara ce, na yarda. Amma an faɗa mana mu dakata.

Ɗiyata, ruwa in an jira shi yakan sauka. Abin da ke kan hanyoyinku yanzu ba ruwa ba ne, mutane ne da bindiga, kuma ba su san rigar agaji ba. Ina roƙonki da girman Allah, in ƴan gari suka ce yau kada a bi hanya kaza, kada ki bi. Sun fi takardar biro sanin dajinsu. In direba ya ce jikinsa bai ba shi ba, kada ki ce masa matsoraci, kada kuma ki ce masa mutane na jira. Kullum mutane na jira. In rana ta karkata ku kwana inda kuke, ko a ƙasa ne. Kada ki riƙa faɗin ranar tafiyarku da hanyar da za ku bi, ko a salula, ko ga ni kaina. In kuma, Allah Ya kiyaye, aka tare ku, ki ba da duk abin da aka nema, ki sunkuyar da kai, kada zafin zuciyar nan naki ya tashi. Na san ki, tun kina ƙarama ba kya ganin zalunci ki yi shiru. A wurin nan dai ki yi shiru. Magani ana sake kawo wani, mota ana sake sayen wata. Mai agajin da ya jikkata bai taimaki kowa ba, sai ma ya zama kayan da za a ɗauka.

Fararen motoci sukan zo, sukan tafi. Poroje da yawa mun ga zuwansu, wa’adinsu ya cika suka naɗe kayansu. Ba na zarginsu, sun yi mana rana. Amma duk lokacin da suka tafi, mu ake bari da yaran. Da Iya Gambo ta kwanta ciwon ajali na je duba ta, ina ta ba ta labarin aiki don in faranta mata. Ta saurara, sannan ta ce, “Rabi, wa kike koya wa?” Na ce, “Iya, ai ina nan.” Ta ce, “Ni ma da ina nan.” Ranar jana’izarta garin bai ɗauki mutane ba, Fulani da ƴan gari, har da maigarin nan da ya taɓa korarmu. Bayan an watse na lura komai na ƙungiya a kaina yake, in na faɗi yau ba wadda ta san inda za ta kama. Daga nan na fara jawo ƙananan mata ina sakar musu aiki, ko da za su yi shi ba yadda nake so ba. Ke ma wa’adinku zai cika wata rana. Tun ranar da kika sauka ki nemi matan cikinsu masu kai, ki koya musu awo, ki koya musu gane yaron da ke bukatar likita. Abin da kika yi da hannunki zai ƙare ranar da motarku ta juya. Abin da kika koya musu shi zai zauna.

Saura abu ɗaya, kuma wannan naki ne.

Akwai wata shekarar tamowa, kina farkon shiga lakkwal. Ina fita da sassafe, ba na dawowa sai magariba. Yara suna mutuwa a hannunmu, wasu mun yi ta fama da su har mun fara murna. Na daina jin ɗanɗanon abinci. In na dawo gida, ƙaramin motsi kuka yi sai in daka muku tsawa. Babanku ya ce mini, “Rabi, ba na hana ki aikin lada, amma gidan nan ma akwai yara.” Na ce masa ai namu suna ci suna ƙoshi.

Wata rana ina zaune gindin itacen bedi ina awo, kaina a sunkuye. Hannu ya zo in ɗaura zare, in duba launi, in ce na gaba. Sai aka miƙo mini wani hannu mai tsoka, da ɗan warwaron da ni na saya. Na ɗaga kai, sai ga ki da allonki na lakkwal a hammata, gumi na zuba. Ashe kin bi layin nan tun daga ƙarshe, cikin rana.

Na ce, “Me kike yi nan?”

Kika ce, “Inna, ni ma ki auna ni.”

Na ce, “Ke ai lafiyarki lau.”

Kika ce, “Na sani. So nake ki riƙe hannuna kamar nasu.”

Matan da ke kusa suka yi dariya. Dije ba ta yi ba. Ta karɓe zaren daga hannuna ta ce, “Tashi ki kai ɗiyarki gida. Mu ma mun iya.” Na goya ki, duk da kin wuce goyo, ƙafafunki na dukan cinyoyina har gida. Ban sani ba ko kina tunawa.

Aikin nan ba ya ƙarewa, Sahiya, kuma in kin bar shi zai cinye ki ba ki sani ba. Ba kowa za ki ceta ba. Wata rana yaro zai cika a hannunki bayan kin yi duk abin da kika iya. Ki wanke hannunki, ki yi wa uwarsa gaisuwa, ki nemi wuri ki yi kukanki, sannan ki faɗa wa wata abin da ke zuciyarki. Kada ki haɗiye kamar yadda na riƙa yi, don abin da aka haɗiye a wurin aiki a kan na gida yake fita. Ranar hutu ki huta, ba laifi ba ne. Ki riƙe sallarki a kan lokaci. In Allah Ya ba ki naki gidan da naki ƴaƴan, kada ki bari sai sun bi layi kafin su ga fuskarki.

Yanzu abin ya juyo. Ke ce kanki zai kasance a sunkuye, hannuwa na zuwa kina cewa na gaba, ni kuma ina can ƙarshe ina jira. Ba zan dame ki da kira kina tsakiyar aiki ba, na san yadda yake. Amma in kin tashi, ko ba ki da abin kira, ki yi mini bip. In ga sunanki ya haska a salula, in san kin wuni lafiya, ya ishe ni.

Allah Ya sa albarka a hannunki, Ya sa duk wanda kika taɓa ya sami sauƙi. Allah Ya makantar da idon mugu daga motarku, Ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronSa. Ya mayar da mutanen nan gidajensu cikin aminci, Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini. Na ba Allah ajiyarki, Shi ba a ba Shi ajiya ta ɓata.

Ki je, ɗiyata. Amma ki dawo.

Innarki,
Rabi